Kaset ɗin Baba ya maƙale a rediyon motarsa, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, motarsa Peugeot 504 tana nan inda ya ajiye ta, tayoyi duk sun sace. A cikinta muka tashi. Mu huɗu a baya, kullum rigima kan wanda zai zauna bakin taga. Baba kuwa yana sa giya sai ya tura kaset da babban yatsa, ya riƙa ƙwanƙwasa sitiyari da zobensa. Akwai wani kaset da rediyon ya taɓa taunewa: waƙa ta uku in ta kai tsakiya sai murya ta shaƙe, mu cike gurbin da bakinmu, Baba yana dariya. Na samo waƙar a intanet, garau da ita, amma da ta wuce wurin ba ta shaƙe ba, sai na ji kamar ba ita ba ce.

Jiya na buɗe motar na tarar da kaset ɗin a cikin rediyon, ya ƙi fitowa. Wasu 11 suna aljihun gaba. Yayanmu ya ce a sayar da motar kafin tsatsa ta gama da ita. In haɗa batir in kunna kaset ɗin ko sau ɗaya ne? Kuma in yarda a sayar?

Wani ɗan uwa: Allah ya jiƙan Baba. Don Allah 'yar uwa kada ki kunna. Bel ɗin roba ne ke juya kaset, in ya shekara da shekaru a zafin mota sai ya saki ko ya narke ya yi danƙo, rediyon ya jawo zaren ya dagargaza. Kada kuma ki ɓamɓaro shi da sukudireba. A kwance rediyon ɗungurungum a kai wa mai gyara ya buɗe ta sama. In ya fito, ki sa biro a ramin ki naɗe zaren a hankali daga farko har ƙarshe. Ki leƙa ƙasan zaren a bakin kaset ɗin, akwai ɗan soso ƙarami da ke danna shi. Yakan ɓalle, in babu shi murya ba ta fita daidai. Sannan ki karya 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset, don kada wani ya yi ɗauka a kai bisa kuskure.

Wata 'yar uwa: Sauran 11 ɗin ki kwashe su yau ɗin nan, ki sa a inuwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. Ni na kwafe na mahaifiyarmu: rikoda mai lafiya, waya daga ramin iyafis zuwa kwamfuta, da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce. Sai dai haƙuri, don kaset mai lamba C90 minti 45 ne kowane gefe, kuma zama za ki yi ya gama. Ki adana a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ki yi wa 'yan uwa MP3. Wurin da ya shaƙen nan kada ki bari kowa ya ce zai gyara miki shi. Kuma ki saurari kowanne har ƙarshe. Ni a wutsiyar wani na tsinci muryar Umma tana gwada rikoda, ban san da ita ba.

Wani dattijo a cikinmu: 'Yata, Yayanki bai faɗi ƙarya ba. Tun 1968 aka fara ƙera 504, mota ce mai ƙashi, amma zama na cin ta fiye da tafiya: mai ya lalace a tanki, birki ya kame, ɓeraye su ci waya. In akwai mai hawanta ko sau ɗaya a mako a cikinku, ku riƙe. In babu, ku sayar wa wanda zai tashe ta, rediyon kuwa ku cire tukuna. Kada dai ki bari maganar mota ta shiga tsakaninki da ɗan uwanki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwaso kaset 11 ɗin ɗazu. Ashe a bayan kowanne akwai rubutun Baba da jan biro, har da sunayenmu a jikin guda, ya rubuta wanda kowa ya fi so. Na tura wa Yaya hoton, ya kira ni ya ce a dakata da maganar sayarwa, gobe zai zo mu kwance rediyon tare.