Gane lafiyar rafi ta ƙwarin cikinsa

Binta: Malamai, don Allah yaya ake gane rafi ya gurɓata ta hanyar ƙwarin cikinsa?

Malam Sani: Ki nemi inda ruwa ke gudu kan tsakuwa. Ki kafa raga mai ido milimita 1, bakinta na fuskantar ruwan, ki yamutsa tsakuwar gabanta da ƙafa minti 3, ki juye cikin farin faranti. 'Ya'yan ƙwari masu jela uku, da masu gina gida da yashi, alamar wadatar oksijin ce.

Hajiya Rabi: In jan tsutsa ta cika farantin, sauran sun ɓace, ƙazanta ta cinye oksijin. Amma kada ki ɗiba bayan ambaliya. Ruwan ya kwashe ƙwarin, sai ki zargi rafin a banza.

Malam Sani: Kuma ki sa dogon takalmin roba. Katantanwa na yaɗa tsargiya.