Me ya sa ingantaccen irin dawa ke yin albarka a wata gona, ya gaza a wata?

Mai tambaya, daga Kurna:

Assalamu alaikum. Ni mazaunin birnin Kano ne, amma ina noman dawa a gonarmu ta gado da ke ƙasar Dambatta. Wani abokina da ke noma a Tudun Wada ya yaba mini wani ingantaccen iri, na shuka shi yadda ya bayyana mini, sai dai ruwa ya ɗauke tun zangarniya ba ta cika ido ba. Shin cibiyoyin bincike ba sa gwada iri a wurare daban-daban kafin su sake shi ne?

Malamin gona, daga Gwale:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Suna gwadawa ƙwarai. Irin dawa mai suna SAMSORG da na masara mai suna SAMMAZ daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, suke fitowa, kuma kafin kwamitin ƙasa ya amince da kowane iri sai an gwada shi a gonar cibiya, sannan a yankuna masu bambancin ruwa da ƙasa na tsawon damina fiye da ɗaya, daga nan a kai shi gonakin manoma. Abin da mai saye ba ya samun labarinsa shi ne, kowane iri akwai yankin da aka ce ya dace da shi. Tudun Wada da Doguwa suna da doguwar damina, alhali Dambatta da Makoɗa da Kunci jigawa ce wadda ruwa ke saurin ɗaukewa, don haka irin da ke jinkirin nuna zai ƙoshi a can ya wahala a wurinku. Kafin ka saya, ka tambayi kwanakin da yake ɗauka kafin ya nuna, da kuma ko yana jure wa ƙuduji.

Uwargida, daga Fagge:

Malam, bayaninka ya gamsar, amma yawan buhu ba shi kaɗai ake dubawa ba. Mu da ke surfe da tuƙi muna lura da dawar da dusarta ta yi yawa, da wadda tuwonta ke sakewa idan ya kwana har ɗumame ya gagara. Shi ya sa gidaje da yawa ba su rabu da kaura da farafara ba. Masu kiwo kuma suna kukan gajeren iri, domin karansa ba ya isar dabbobi da rani, ba ya kuma yin darni. Ya kamata masu gwaji su riƙa kiran mata su dafa su ɗanɗana tun kafin a saki iri.

Malamin gona, daga Gwale:

Gaskiyarki, Hajiya, kuma masu bincike na Samaru da na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa da ke da reshe a nan Kano, suna gayyatar manoma gonar gwaji su zaɓi wanda ya kwanta musu. Alhaji, shawarata ita ce ka ware 'yan kunyoyi ka shuka sabon irin a gefen tsohon irinka, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya, ka auna kowanne daban bayan sussuka, ka kuma maimaita a damina ta gaba. Idan mai saurin nuna ka zaɓa, ka yi shawara da maƙwabtan gonarka ku shuka tare, domin dawar da ta riga sauran nuna ita tsuntsaye ke sauka a kanta.