Yunwa ce ta kashe McCandless ko guba?

Ɗalibar Adabi: Salamu alaikum malamai. A littafin Jon Krakauer na 1996 kan Chris McCandless, matashin Ba'amurken da ya tafi ya zauna shi kaɗai a dajin Alaska, me ya kashe shi takamaimai a can? Kuma me ya hana shi fitowa?

Mai Taswira: Wa alaikumus salam. Ai ya yi niyyar fitowa a watan Yuli na 1992, sai ya tarar kogin Teklanika ya cika ya batse saboda narkewar ƙanƙara, alhali a Afrilu da ƙafa ya ƙetare shi. Ba shi da taswira mai cikakken bayani, shi ya sa bai san akwai igiyar ƙarfe ta ƙetarawa a kusa ba. Ya koma tsohuwar motar bas ɗin da yake kwana ciki.

Tsohon Maharbi: Ki lura da batun naman nan. Guzurinsa shinkafa ce, kilo huɗu da rabi. Da ya harbe babbar dabbar dawa a watan Yuni, ya yi ƙoƙarin ƙyafe naman, tsutsa ta cinye. Da ya yanyanka shi siri-siri ya shanya kamar kilishi, da ya daɗe yana ci. Ƙananan namun da ya koma harbi ba su da kitse.

Malamin Kimiyya: Binciken gawa ya ce yunwa, nauyinta kusan kilo 30 ne da aka tsince ta a Satumba. Zancen guba hasashen Krakauer ne kan 'ya'yan wani dankalin daji da McCandless ya ci, kuma ya sha sauya sinadarin da yake zargi, har 2015. Ki raba abin da McCandless ya rubuta a kundinsa da abin da marubucin ya cike da zato.