Ja wa sifikun falo layin wutarsu daban: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda firiji ya tashi sai sifikun falona su yi "ɗas", in aka kunna sumo (injin jan ruwa) kuma sautin ya shaƙe. Mai wayarin ya ce a ja wa amfilifaya layinta tun daga akwatin bireka. Wanda ya yi, ya ba mu labari.

Daga Argungu:
Wa alaikumus salam. Na yi, Malam. Waya mai kaurin 2.5 mm² ta jan ƙarfe, bireka mai amf 20, soket biyu, ba a raɓa musu komai ba. Ƙarar firiji ta tafi. Amma gurnanin nan na ƙasa-ƙasa bai bar ni ba.

Mai gyaran rediyo, Jega:
Alhaji na Argungu, gurnani ba aikin sabon layi ba ne, duba at ɗinka, wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa. Gidaje da yawa na buɗe soket na tarar da koriyar waya a naɗe a ciki, ba ta je ko'ina ba. Wasu kuma an kafa rodin da ake haɗa wayar at da shi, amma a busasshen yashi. Da rani ƙasarmu ƙamas take, shi ya sa muke haƙa rami mai zurfi, mu zuba gawayi da gishiri, a riƙa ba shi ruwa. Kuma don Allah kada wanda ya cire at wai don sauti ya washe. Na ga yaro ya taɓa bayan amfilifaya ta fizge shi, Allah ne ya tsare. Talabijin da dikoda su ma su sha daga layi ɗaya da ita.

Wata uwargida, Zuru:
Mu namu inbata ce. Da wutar gari lafiya lau, da an koma batir sai zzz. Sai da maigida ya sauya ta da mai tsabtatacciyar wuta, irin wadda ba ta sa fanka kuka.

Daga Yauri:
A kula da waya a kasuwa. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ciki ya yi fari, alminiyam ce aka shafa wa ja. Sannan layi daban ba ya ƙara ƙarfin wuta. Ana cewa wutar gari bolt 230 ce, mu da yamma mitarmu ba ta kusantar haka, dole sai da sitabilaiza.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba na Jega, rodin nan tsawon ƙafa nawa kuke sawa?