Fuskar wa za a sa a tallan kaya? Shawarwarin teloli da masu hoto a Bauchi

Da teloli da masu ɗaukar hoto na yankin Wunti suka tattauna, an fara da H&M: a Janairun 2018 wannan kamfanin tufafi na ƙasar Sweden ya yi talla inda ya sa wa yaro baƙar fata riga mai rubutun da ya ambaci biri, har aka farfasa shagunansa a Afirka ta Kudu. Don haka duk rigar da ke da rubutu, a ba mutum uku su karanta kafin a ɗora.

Inda aka fi daɗewa shi ne haska fata da manhaja, kuma da gaskiyarsu. Idan aka haska fuska, shadda ma tana sauya launi. Mai saye ya karɓi kaya ya ce ba shi ya gani ba. Ga kuma 'yan mata da ake koya wa raina fatarsu. Maganin wannan shi ne samun haske mai kyau wajen ɗaukar hoton: a ɗauka a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar, a riƙe farin kwali gefen fuska.

A daina kwaso hotunan Larabawa da Turawa daga intanet. Tun Oktoban 2022 hukumar ARCON mai kula da harkar talla ta hana sa 'yan waje a tallan Najeriya. Hoton yaro kuwa, sai da izinin iyayensa a rubuce.