Tsatsa ta huda bodin tsohuwar akori-kura: zan iya yin waldar da kaina?

Mai Akori-Kura ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504 wadda na gada daga mahaifina, kuma har yau da ita nake kwaso masara daga gona. Injinta lafiya lau yake, amma tsatsa ta ci gindin ƙofar direba, ta kuma huda daɓen da ake taka ƙafa, har ina hango kwalta ta wani rami mai faɗin tafin hannu. Bara na kai ta wani gareji aka cika wurin da foti aka fesa fenti, damina ɗaya ta wuce sai ga shi ya kumbura yana ɓantarewa. Kwanan nan na sayi ƙaramin injin walda na lantarki da injin gurza ƙarfe na hannu, na gwada da sandar walda mai kaurin milimita 2.5, amma maimakon ramin ya toshe sai ya ƙara faɗi. Ina roƙon masu sana'a su nuna mini inda na kuskure.

Tsohon Mai Walda ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, injinka ba shi da laifi, wutar ce ta fi ƙarfin ƙarfen. Fallen bodin irin wannan mota bai cika wuce milimita 1 ba, inda tsatsa ta ci kuwa bai ma kai haka ba, alhali sandar 2.5 tana son wutar amfiya (ma'aunin ƙarfin wutar injin) 60 zuwa 90, wadda ta dace da ƙofar gida ko ƙarfen taga. Ka nemi sanda mai kaurin milimita 1.6 ko 2, irin wadda aka rubuta wa 6013, ka sauke wutar zuwa wajen amfiya 30 ko 40, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta daina maƙalewa.

Kafin ka kunna injin ma, sai ka yanke duk inda ya ruɓe har ka kai ga ƙarfe mai ƙyalli, domin walda ba ta kamawa a kan tsatsa, kuma ramin da kake gani kamar tafin hannu, in ka bi shi da guduma za ka tarar ya ninka haka. Ka ɗora kwali a kan wurin ka zana siffarsa, ka yanko faci daga fallen da kaurinsu ya zo ɗaya. Na fi son bakin faci ya haɗu da bakin rami daidai, ba a ɗora wani kan wani ba, saboda ruwa yana kwanciya a tsakanin ƙarfe biyu, tsatsar ta dawo ta nan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ka ja waldar a layi ɗaya kamar mai ɗinki. Ɗigawa ake yi. Ka ɗiga a kusurwa ɗaya, ka tsallaka ɗaya gefen ka ɗiga, ka jira har ka iya ɗora hannu a kusa da wurin, ka kakkaɓe dattin da ya daskare a kai, sannan ka ɗiga a tsakani, haka har ɗigon su haɗu. Idan ka samu ɗan fallen jan ƙarfe ka danna shi ta baya, zai janye zafi ya kuma tare narkakken ƙarfe, waldar ba ta manne masa. Facin da bai fi tafin hannu biyu ba yana iya cin rabin yini, kuma wanda ya gama shi cikin minti goma zai ga ƙofar ta lanƙwashe kamar faifan tuwo. Tunda ba ka saba ba, ka je kasuwar Panteka a nan Kaduna, ko kasuwar Ƙofar Ruwa in kana kusa da Kano, ka sayi mataccen murfin ƙofa ka yi mako biyu kana ɓata shi kafin ka taɓa motar mahaifinka.

Ɗan Gareji ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya game da ɗigawa, amma da izininsa ina ganin sandar lantarki wahala ce ga mai koyo a kan fallen ƙofa. Shi ya sa yawancin masu gyaran bodi a garejinmu da wutar gas suke aiki, domin kana iya matso da harshen wutar ko ka ja da shi baya yadda ka ga ƙarfen yana yi. Sai dai ba zan ba ka shawarar ajiye tukunyar kabaid a gida ba, saboda iskar da take fitarwa tana fashewa idan matsinta ya yi yawa ko wuta ta koma cikin tiyo, kuma man shafawa ko giris ba ya kusantar bakin tulun iskar oksijin ko kaɗan. Mafi sauƙi ga sabon hannu shi ne injin MIG, wanda yake turo siririyar waya da kansa maimakon sanda, mai waya milimita 0.6, illa dai yana da tsada kuma yana buƙatar tulun gas. A ganina, ka yi daɓen da injinka tunda tabarma za ta rufe shi, gindin ƙofar kuwa, wanda kowa zai gani, ka cire ƙofar ka kai wa mai gas.

Malamin Makarantar Sana'a ya amsa:

Ni kan injin gurza zan yi magana, domin masu koyo sun fi tsoron walda alhali shi ma injin gurzan yana raunata mutane sosai. Ƙaramin injin da ke ɗaukar faifai mai faɗin milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Faifan yanka siriri ne, da bakinsa kawai aka yi shi ya yi aiki, idan ka kwantar da shi kana gurza da gefensa zai iya tarwatsewa a fuskarka. Kada ka cire murfin kariyar da ke bayansa ko da ka ga kowa ya cire nasa, kuma ka zare filogi kafin ka sauya faifai.

Wajen gyara fuskar waldar, ka fara rage tudun kaɗai da faifan gurza, sannan ka ƙarasa da faifan takardar yashi mai lamba 60 ko 80, kana ɗagawa kana barin wurin ya huce. Da zarar ka ga ƙarfen ya yi shuɗi, to ka zafafa shi, kuma wanda ya dage sai wurin ya yi sumul da injin yakan cinye fallen da ke gefe har ya koma kamar takarda. Ka rufe gilasan motar da kwali ko jiƙaƙƙen buhu, saboda tartsatsin yana nutsewa cikin gilashi ya bar ɗigo-ɗigo da ba sa fita. Tabarau na rana ba ya tare hasken walda. Ka sayi garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10, in ba haka ba cikin dare za ka farka kana jin kamar an zuba maka yashi a ido.

Mai Akori-Kura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da na shiga ƙarƙashinta na ga tsatsa ta fara cin shasi a kusa da inda sifirin na baya yake kamawa. Shin nan ma zan iya yi masa faci?

Tsohon Mai Walda ya amsa:

A'a, ɗana, wannan ba wurin koyo ba ne, domin nan ne nauyin buhunanka yake sauka, sai ka kai wa wanda ya daɗe yana ɗaurin shasi. Daɓen ma, kafin ka fara, ka cire kan batir, ka kwashe tabarma da kujera, ka leƙa ƙasa ka ga inda tiyon fetur da bututun birki da wayoyi suka bi, ka maƙala wayar da ke kama jikin mota kusa da inda kake aiki a kan ƙarfen da ka goge, ka kuma ajiye bokitin yashi a gefenka. Idan ka gama, ka haska tocila ta baya ka toshe duk hudar da haske ya fito, ka shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, sannan ka duba ƙananan hudojin da ke gindin ƙofar waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu. Ina kyautata zaton fotin bara ya toshe su.