Wane suna za mu ba "repositionnement" na magani?

Jama'a, ina shirya bayani kan dengi don rediyo a nan Maradi, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Lokotoro na cewa "repositionnement": a ɗauki maganin da aka daɗe da sani da wata cuta, a gwada shi a kan wata daban. Dengi, cikungunya da Zika duk birus ne da sauron Aedes mai cizon rana ke yaɗawa, kuma har yau ba su da maganin kansu. Ƙirƙiro sabo kan ci shekara 10 ko fiye, shi ya sa masana ke duba na hannu. Ni dai "sake amfani da magani" na rubuta.

Wata ungozoma daga Tibiri: Malam, don Allah goge wannan. Matan da ke zuwa awo za su ɗauka ragowar ƙwayoyin da ke ƙulle a leda cikin kwalla kake nufi. Kuma mai dengi in ya sha asfirin, jini na iya ɓalle masa.

Wani malamin makaranta: To a ce "juya akalar magani".

Na ce: Malam, ta yi daɗin faɗa, amma raƙumin da aka juya wa akala ya bar hanyar farko ke nan. Magani kuwa bai barin aikinsa. Ivermectin da aka raba shekara da shekaru don makantar ƙudan rafi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta tabbatar Nijar ta rabu da ita a 2025, an gwada shi kan dengi a Tailan yana nan kan aikinsa na da. Sofosbuvir na ciwon hanta nau'in C ma, Brazil ta gwada shi kan zazzaɓin shawara.

Wani mai farmasi kusa da babbar kasuwa: Kenan "ƙara wa magani aiki". Sai dai ku sa "gwaji" a gaba. Nivaquine ɗin da muka sha muna yara don zazzaɓin cizon sauro an gwada ta kan dengi a Biyetnam, ba ta rage birus a jini ba. In babu "gwaji", gobe masu tallar magani a kan tire za su ce an gano maganin dengi.

Alhaji, ka gama magana. "Gwajin ƙara wa magani aiki" zan faɗa ranar shirin. Hajiya, in matan Tibiri sun ji wani abu daban, ki sanar da ni.